Kumfa a Kan Mahaifina

Shekarun baya can, lokacin da gemuna bai wuce 'yan tsirarun gashi a haɓa ba, ina koyarwa a wata firamare a Gumel. Cikin shekarun saba'in ne, ana ta buɗe makarantu, duk wanda ya iya riƙe alli sai ka ji ana ce masa Malam. Ni kuwa na ɗauki Malam ɗin nan da gaske. Ina da keke, ina da agogo, ina da ɗan madubi da nake ratayewa a ƙusa, kuma a ganina duk Gumel ba wanda ya fi ni wayewa sai abokina da muke ɗaki ɗaya, shi ma don ya taɓa zuwa Kaduna ne.

Wata Alhamis cikin hutu muka hau kekuna muka nufi kasuwar Maigatari. Ba wani abu muka je saya ba, buɗe ido ne kawai. Muna ratsa rumfunan masu kayan koli sai wani ƙamshi ya tare ni. Na ja na tsaya. Mai rumfar, wani dattijo ɗan Damagaram, ya ga hancina yana aiki, sai ya ɗauko wani ɗan gwangwani mai faɗi ya buɗe mini. Sabulu ne a ciki, ya daskare, launinsa kamar na shayi da madara.

"Malam, wannan sabunin gemu ne, ba na wanki ba," in ji shi. "Shinshina ka ji."

Na shinshina. Kanumfari ne ya fara bugo ni, sai kirfa ta biyo baya, can ƙasa kuma akwai wani yaji-yaji da ke tsikarar hanci. Abokina ya karɓa ya kai hancinsa, ya ce wannan ai a kunun zaƙi ya kamata a jefa shi. Sannan ya dubi haɓata da kyau ya ce, "To amma, Malam, wane gemun za a aske?" Ban kula shi ba, na saya. Dattijon ya ƙara mini da ɗan buroshi mai laushi, ya ce kado ne, wato kyauta a bakinsu, ya kuma nuna mini yadda ake jiƙa shi a murza a kan sabulun har kumfa ta tashi.

Washegari da safe na gwada. Da yake ban san gwargwado ba, sai na tayar da kumfar da za ta ishi rago, na shafe fuskata har gindin ido. Da farko sanyi na ji. Kafin in ɗauki reza sai fatar ta fara ɗaukar wani raɗaɗi, idona ya cika da ƙwalla, ina atishawa kumfa tana tashi. Abokina ya kwanta a tabarma yana dariya har da riƙe ciki. Maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta bayan katanga tana tambayar wa ke dama kunu bai ba ta ba. Amma da na wanke fuskar, gaskiya na ji daɗi. Fatar ta yi santsi, iska tana ratsa ta, ƙamshin kuma ya bi ni har yamma. Daga ranar na zama mai aski kullum, ko da abin askewa ko babu.

Ana nan sai wani maƙwabcinmu na ƙauye ya kawo gero kasuwar Gumel, ya biyo ta wurina. Ya ce mahaifiyata ta ce in je gida, jikin mahaifina ba ciwo, amma dai in je. Na matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce tun rasuwar wanzami tsohon bai sake fitowa ba.

A nan sai na ɗan yi bayani, don 'ya'yan yanzu ba lallai su gane ba. Mu Fulanin gida ne, ƙauyenmu yana gefen Sule Tankarkar, muna noma muna kiwo. Ni ne ɗan fari, kuma a wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Mahaifina bai taɓa ɗaukata ba, ba ya zama inda nake, ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana son in ɗebo ruwa, sai ya dubi bango ya ce, "A ɗebo ruwa." Da na fara aiki sai ya raɗa mini "mutumin Gumel", shi ma sai in dole ta kama. Ba ƙi ba ne, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma na girma ban san nauyin hannunsa ba, shi ma bai san nawa ba. Mahaifiyata ma ta yi tata kunyar, sai dai da girma ya zo ta gaji ta sassauta.

Wanzamin kuwa Bamange ne, kuma tsakanin Fulani da Mangawa akwai wasa. Shi ke yi wa mahaifina aski tun suna samari, kowace Juma'a da hantsi, a gindin darbejiyar tsakar gidanmu. Yana aski yana zaginsa, wai Bafulatani bai san komai ba sai bin wutsiyar saniya, mahaifina yana ramawa. Mu yara akan kore mu in za a fara, daga nesa muke jiyo dariyarsu. A duniya ban san wani da ke sa mahaifina dariya da ƙarfi ba sai wannan mutumin.

Na isa gida ranar Alhamis da la'asar, na jingine keke a zaure. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri kamar yadda ya saba. Amma abin da na gani ya tsinka mini zuciya. Gashi ya fito ta ƙarƙashin hularsa, fari da baƙi, ya rufe kunnuwa ya sauko ƙeya. Saje ya haɗe da gemu ba tsari. Mutumin da ko kwana bakwai ba ya yi bai yi aski ba! Ya rame, ɗakin kuma duhu, ya toshe tagar da tsumma.

Mahaifiyata ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ɗan marigayin, wanda ya gaji sana'ar, ya yi ta zarya da zabirar ubansa, kullum sai a ce a gaya masa ana barci. Liman ya zo ya yi nasiha, ƙannensa sun yi magana, duk a banza. Tun yana cewa sai gobe har gashin ya kai inda yake jin kunyar a gan shi, sai ya daina zuwa kasuwa, ya daina zuwa masallacin Juma'a, shanun ma sai dai a ba shi labarinsu.

"Abin da ya fi damuna," in ji ta, "mutane sun fara cewa ya taɓu. Jiya a bakin rijiya ina zuwa aka yi shiru. In ya ƙara wata biyu a ɗakin nan, ba zai fito da ƙafarsa ba. Ka yi masa magana."

"Ni, Inna? Ni da ko tambayarsa ya gajiya ban taɓa yi ba?"

"To wa zai yi? Ba kai ne Malam ba?"

Na kwana da jawabi a bakina. Na tsara shi tsaf, da farko da ƙarshe, har da ayar da zan kawo. Da gari ya waye, Juma'a ke nan, sai na nemi jawabin na rasa. Na je ƙofar ɗakin na dawo, na sake zuwa na dawo. Da na ga ba ni da abin yi, sai na ce bari in yi aski tukuna, ko zuciyata ta tsaya wuri ɗaya. Gaskiyar magana tsoro ne, neman abin fakewa nake. Na ɗebo ruwa a ƙwarya, na rataye madubina a jikin darbejiya, na jiƙa buroshi na shiga murzawa. Ban ma lura cewa a wurin da suke zama na tsuguna ba.

Na shafe kunci ɗaya ke nan sai na ji murya daga cikin ɗaki.

"Wa ke cin kanumfari a gidan nan?"

Mahaifiyata tana bakin murhu tana dama fura, ta tsaya cak da ludayi a hannu. Ta dube ni, ta dubi ƙofar. Ta ce, "Ba ci ake ba. Mutumin Gumel ne da sabulunsa na aski."

Can sai mahaifina ya ce, "A miƙo a gani."

Na miƙa mata gwangwanin don ta kai, yadda aka saba. Sai ta nuna mini hannuwanta ta ce duk gari ne, in kai da kaina. Hannun nan kuwa tas yake, na gani da idona. Haka na tashi, rabin fuska kumfa, rabi babu, na je na durƙusa na ajiye a bakin ƙofa. Ina shirin ja da baya sai ga shi ya fito. Ya zauna a dokin ƙofar yana ƙifta ido saboda haske, ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu ya kai hancinsa. Ya daɗe a haka.

Da ya yi magana, da darbejiyar ya yi ta. Ya ce, "Bamangen nan ba ya rabuwa da kanumfari a baki. Haƙori ke damunsa tun muna samari. In ya sunkuyo kaina, abin da nake shaƙa ke nan." Ya sake shinshina gwangwanin. "Wanda zai ɗora mini aska a maƙogwaro yana zagina, ni kuma in rufe ido, ya tafi."

Ban taɓa jin mahaifina ya faɗi abin da ke ransa ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni. Ashe duk watannin nan da ake ta yi masa nasiha a kan gashi, shi makoki yake yi, kuma ba wanda ya yi masa ta'aziyya, don a idon mutane wanzami ne kawai ya rasu, ba ɗan'uwa ba.

"Yaya ake yi da shi?" ya tambayi iska.

Na jawo ƙwaryar ruwan, na nuna yadda ake tayar da kumfar. Ya kalla. Sai ya ɗaga hannu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce, "A gwada."

Na daskare a wurin. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba, balle in taɓa shi. Daga bakin murhu mahaifiyata ta ce, "Ana magana da kai fa."

Na zagaya bayansa na durƙusa. Na fara da buroshi, ina shafawa daga nesa-nesa kamar mai tsoron ƙonewa. Gashin ya yi yawa, kumfar sai ta tsaya a sama ba ta shiga. Ya ce, "A ajiye wutsiyar nan, ba ta aiki." Na ajiye. Na ɗebo ruwa da tafin hannu na zuba, na lakato sabulun da yatsu, na sa hannuna cikin gashin mahaifina.

Kan ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, kuma da ɗumi. Yatsuna suka bi ta kan tabon ƙaho a ƙeyarsa, da wani tsohon tabo a gefe da ban san labarinsa ba. Ina murzawa kumfa tana tashi, ƙamshin ya cika tsakar gida. Da sabulun ya fara cizo sai ya ɗan ja numfashi ya ce, "Ashe da faɗa." Daga nan kafaɗunsa suka sauka, na leƙa na ga ya rufe ido.

"A kira ɗan Bamangen nan," in ji shi. "Malamin makaranta ba ya riƙe aska."

Mahaifiyata ta ce da kanta za ta je, ta yafa mayafi ta fita. Gidan wanzamin nan, in ka tsaya a ƙofar gidanmu ka ɗaga murya za a ji ka. Amma matar nan ta tafi kamar garin Gagarawa aka aike ta. Daga baya na ji sai da ta biya ta gaishe da mai jego, ta tsaya duba wata tsohuwa, sannan ta ƙarasa.

Muka rage mu biyu. Da na ga kan ya jiƙu sosai sai na janye hannuna na koma gefe, na sunkuyar da kai. Ba a jima ba ya ce, "Kumfar nan ta bushe." Na duba. Kumfa tana nan jiƙe, har tana gangarowa bayan kunnensa. Na buɗe baki zan ce ba ta bushe ba, Allah Ya taimake ni na yi shiru. Na ƙara ruwa na mayar da hannuna. Na ɗan tsagaita, sai ya sake cewa ta bushe. Daga nan ban ƙara janyewa ba.

Can, idonsa a rufe, ya ce, "Akwai wani yaro da marigayi ya yi wa askin suna a gidan nan. Da ya gama ya same ni a bayan gari, don ni ranar ban zauna a gida ba. Ya ce, kai Bafulatani, kan yaron nan naka ne sak, har kwarin ƙeyar. Na ce masa ni ban duba ba."

Hannuna yana ta aiki.

"Daga baya na duba," in ji shi.

Hawaye suka zubo mini, suka ratsa busasshiyar kumfar da ke kuncina. Na gode Allah da a bayansa nake. Da ya juyo ma, da na ce sabulun ne, ai na riga na san yana sa ƙwalla.

Ɗan wanzamin ya iso da zabira a kafaɗa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Da ƙamshin ya buge shi sai ya tsaya da wasa askar a fata, ya goge ido da hannun riga. Sannan ya fara aiki. Gashi ya dinga zubowa a dunƙule tare da kumfa. Ya gyara saje, ya daidaita gemu, duk shiru. Da ya gama, mahaifina ya shafa kansa ya ce, "Hannun ba laifi. Amma aski ba zagi, ai rabin aski ne." Saurayin ya rasa inda zai sa kansa, sannan a hankali ya ce, "Baba, ai na ga kan Bafulatani ne, ba komai a ciki, shi ya sa na bi shi a sannu." Mahaifina ya tuntsire da dariya har da tari. Mahaifiyata ta juya baya ta shige ɗaki da sauri.

Ranar ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ya fita masallaci. Na bi shi a baya da ɗan nisa, kamar kullum. Mutane suka yi ta tasowa suna gaishe shi, wani tsoho ya ce yau Bafulatani ƙamshin amarya yake, ya ce masa hassada ce. Ni kuwa sai a sahu na tuna kunci ɗaya kawai na shafa wa sabulu, shi ma ban aske ba.

Kada ku ɗauka daga ranar muka zama abokan hira. Har ya bar duniya da bango yake yi mini magana. Abin da ya canja ɗaya ne. Duk Juma'ar da na samu zuwa gida, da hantsi zai fito gindin darbejiya ya zauna, ya ce, "An zo da abin nan?" Sai in ɗauko gwangwani. Ɗan wanzamin ma ya gane, ya koyi makara. Ni kuma na daina ɓarnar sabulun a kan gemun da babu, na koma sabulun wanka.

Yanzu da na kai shekarunsa na wancan lokacin, nakan zauna in yi tunanin kunyar nan tamu. Ba na zaginta. Da ita aka raine mu, kuma na san akwai ƙauna a cikinta mai yawa, sai dai ba a ba ta hanyar fita ba. Mutanenmu ba su iya cewa ina kewarka ba, ba su iya cewa zo kusa ba. Sai sun sami wani abu sun fake da shi, aike ko aski ko ƙorafin kumfa. Abin da na koya shi ne, in tsoho ya kawo maka irin wannan dalilin, kada ka tsaya gyara masa magana. Ni saura kaɗan in yi, don ina Malam, kuma da na yi, da na yi asarar da ba ta da madadi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Sabulu dai sabulu ne, wata rana ya ƙare. Na kankare gwangwanin har ƙarfe ya fito. Na koma Maigatari na zagaye rumfunan koli, dattijon ba ya nan, wasu suka ce ya koma gida. Na tambaya a Gumel, na ba direbobin Kano saƙo, ba wanda ya san irinsa. Juma'ar da ta biyo na je gida jikina a sanyaye, ina ganin shi ke nan, abin da ya haɗa mu ya ƙare. Da hantsi ya fito ya zauna a wurinsa. Na kasa ƙarasawa, na tsaya bakin murhu na roƙi mahaifiyata ta gaya masa.

Ta ɗaga murya ta ce, "Mutumin Gumel ya ce a yi haƙuri, sabulun ya ƙare, an nema ba a samu ba."

Sai ya ɗaga hannu ya cire hularsa, ya ajiye a gwiwa, ya dubi darbejiya.

"Ruwan ma ƙarewa ya yi?"

Na ɗauki ƙwarya na nufi randa.